Ranar da Na Kashe Baba Nomau a Rediyo

Ba zan taɓa mantawa ba da Talatar da na kashe Baba Nomau mai gurumi. Kada hankalinku ya tashi, ba wuƙa na sa masa ba, ban kuma banke shi da moto ba. Da baki na kashe shi, da rana tsaka, Dakoro duka tana saurare, shi kuwa bawan Allah a lokacin yana kwance a ɗakinsa yana shan fura.

A wannan shekarar ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo na garinmu. Shirina yana zuwa bayan azahar: in fara da labaran duniya, in rufe da sanarwar wasanni, wato wa zai yi kalangu a bikin wa, yaushe za a yi kokowa a Adjekoria, wace ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ce za ta zo daga Maradi. Shekarar nan ce aka rufe iyaka, kuran, wato wutar lantarki, ya koma baƙo a gari, tiyar gero ta fara gudu ba mai kama ta. Kowa ya zama masanin siyasar duniya. Mai gyaran taya ma sai ya gama yi maka bayanin takunkumi kafin ya duba tayarka. To ni da nake riƙe da mikro, ku ƙiyasta yadda kaina ya kumbura.

Gaskiyar magana, labaran duniyar nan ba wani wuri nake samo su ba. Da safe nake kasa kunne ga manyan gidajen rediyo na ƙasashen waje, in kwashe, da rana in sake dafawa in ba mutane kamar daga tukunyata suka fito. Har muryarsu na sata. Ina jan sunayen birane ta hanci, ina cewa "masu sharhi na ganin cewa" (masu sharhin nan ni ne da mai shayin bakin tasha). Abin da ya tsaya mini a rai guda ɗaya ne: ban taɓa ba da labari da ɗumi-ɗuminsa ba. Akwai wani kiɗa na musamman a cikin injin istidiyo, mai tada hankali, wanda ake sakawa idan babban abu ya faru. Tun da na zo ba a taɓa danna shi ba. Kullum sai in kalle shi in haɗiye miyau, sannan in karanta cigiyar akuya.

Ga shi kuma kujerar ba tawa ba ce tukuna. Direkta ya ce gwaji nake, idan kaka ta wuce zai zaɓi wanda zai riƙe shirin tsakanina da Madam Zuwaira. Madam Zuwaira tsohuwar malamar lakwal ce, wato makarantar boko, tana karanta labari a hankali kamar tana yi wa 'yan aji shifta, ba jan hanci, ba ado. Ni kuwa na riga na gaya wa matata, da surukaina, da duk wanda ya tsaya ya saurare ni, cewa shirin nawa ne, sa hannu kawai ya rage.

Baba Nomau kuma, ga wanda bai san shi ba, tsohon mawaƙi ne da ya yi wa manoma da 'yan kokowar ƙasar nan waƙa tun iyayenmu suna samari. In ya wasa ka, sai ka ji kamar ka ɗauki garma ka nome gonar gari kai kaɗai. In kuma ya yi maka zambo, to ka nemi garin da za ka koma. Ba ya faɗin suna. Zai ce mai jan hula, mai ɗingishin hagu, mai shago kusa da rijiya, sai yara su ƙarasa masa aikin. Shi ya sa manya ke riga shi gaisuwa. Gidan rediyonmu ya shirya wasan kaka a filin gidan matasa, an yi magana da masu sono, wato masu hayar lasifika, an gayyaci meri, magajin garinmu, kuma Baba Nomau ne babban baƙo. Ni aka ɗora wa tallar wasan, ni ne kuma zan gabatar.

Ranar Talatar na hau moto na nufi gidansa don in ɗauko muryarsa ta talla. Ina shan kwana sai na ga tabarmi a ƙofar gida, dattawa zaune jugum, butoci a jere. Na kashe moto tun daga nesa. Na leƙa zaure: buzun da tsohon ke zama a kai yana nan, babu kowa a kansa. Ƙusar da gurumi ke rataye, wayam. Babban ɗansa Lawali yana zaune a tsakiya, ido jawur, mutane suna miƙa masa hannu.

Na tuɓe takalmi na zauna, aka ɗaga hannu aka shafa. Na ce, "Lawali, ya haƙuri?"

Ya ce, "Da godiya. Allah shi ba da lada."

Kun san yadda zaman makoki yake a wurinmu. Ba a kama sunan mamaci ana yawo da shi. Sai dai ka ji "marigayi", ka ji "bawan Allah". Wani ya ce ai ya sha jinya. Wani ya ce shekaru sun ja, sai dai a yi masa fatan dacewa. Wani ya ce an yi masa sutura tun da hantsi.  An binne Baba Nomau, ni ɗan jarida ina gida ina sauraron abin da ke faruwa a Turai!

Wallahi tambayar ta zo mini har bakin leɓe. Kalma uku ce: wa ya rasu? Ina shirin raɗa ta sai wani dattijo da ke kusa da ni ya dafa gwiwata ya ce, "Ku 'yan rediyo ai kun riga mu ji."

Jama'a, me kuke so in ce? Mutumin da ya san abin da ake ƙullawa a fadar shugabannin duniya, ya buɗe baki a gaban dattawa ya ce bai san wa ya mutu a bayan kasuwa ba? Na gyaɗa kai cikin jimami na ce, "Tun da asuba labarin ya iso mana, Baba." Aka sake shafa fatiha, na zari takalmi. Allah ya gani, baƙin ciki na ji na gaske, don ina son tsohon. Amma a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani abu yana tsalle, kuma kiɗan nan ne na cikin inji.

Na iske Direkta ya tafi Maradi. Madam Zuwaira ce kaɗai, tana jera takardun sanarwa. Na faɗa mata ina haki. Ta yi salati, sannan ta dube ni ta saman gilashi.

"Ka tabbata? Wa ya gaya maka?"

"Madam, daga gidan nake. Da ni aka shafa fatiha."

"Bari in kira Lawali mana."

"Mutum na cikin makokin ubansa za ki dame shi da waya? Haba Madam!"

Ta ajiye wayar (ta fi ni kunya, shi ya cuce ta). Lokaci na yi na shiga, na ja kujera, na danna kiɗan. Kai! Har yau in na tuna daɗin da na ji sai in nemi gafara. Na ture labarin yaƙi gefe, na ture na taron shugabanni, na sauke murya ƙasa na ce, "Masu sauraro, labari da ɗumi-ɗuminsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gurumi ya yi shiru a ƙasar Dakoro."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma baki ya riga ya sami hanya. Na ba da tarihinsa, rabi na sani rabi na cike. Na ce babban bango ya faɗi. Na ce an ɗage wasan kaka har sai abin da hali ya yi (ba wanda ya ba ni izinin ɗage ko kujera). Sai Shaiɗan ya matso kusa ya tuna mini cewa a manyan gidajen rediyo, in babban mutum ya mutu, akan sami wanda ya gana da shi na ƙarshe. Na ce, "Kwana kaɗan da suka wuce marigayi ya kira ni. Ya riƙe hannuna, ya ce: ɗana, duk ƙasar nan kai kaɗai ne ka san duniya kuma ka san gida. Na bar maka amanar waƙoƙina." Ina faɗa muryata ta karye. Na yi kuka, kukan gaske da majina, a kan maganar da ni na ƙirƙire ta a wurin.

Sannan na saka waƙarsa ta noma, na ce layi a buɗe yake ga mai son yin ta'aziyya.

Waya ta ɗauki ruri. Wata tsohuwa daga Ɗan Gulbi ta kira tana kuka, ta ce a bikinta ya yi wasa. Wani tsohon ɗan kokowa ya kira ya kasa magana. Ina ta "Allah ya ba mu haƙuri" kamar ni ne magajin gida. Sai wani kira ya shigo, na ɗauka, na ce, "Salamu alaikum, wa ke magana, daga ina?"

Aka yi gyaran murya. Na san gyaran muryar nan.

"Wa alaikumus salam. Ni ne mamacin."



"Alo? Yaro, kana jina? Na ji ana ta gaisuwa, na ce bari ni ma in yi wa kaina, kar a ce ban da zumunci. Yaushe na cika? Ban ji zafi ba dai ko?"

A wannan shekarar kuran yakan ɗauke sau ba adadi a yini. Kana tsakiyar magana sai ɗif. Ranar nan, a wannan minti, na roƙi Allah da zuciya ɗaya ya ɗauke shi. Ko ƙyaftawa fitila ba ta yi ba. Ta gilashi ina hango Madam Zuwaira ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Abin da ya fito daga bakina, kuma duk ƙasar Dakoro ta ji, shi ne: "Baba... sannu da dawowa."

Ashe yayansa ne ya rasu, wani tsoho tukuf da ya daɗe da zama a Agadas, can aka yi masa sutura. Da yake Baba Nomau ne babban da ya rage a gidan, a ƙofarsa ake zaman makoki, kamar yadda kowa ya sani har da ni. Gurumi kuwa an sauke shi an kai ciki don ba a barin kayan kiɗa a idon masu gaisuwa. Shi kuma bayansa ne ya gaji da zama, ya shiga ya miƙe, aka dama masa fura, matarsa ta kunna rediyo.

Kafin la'asar saƙon murya ya kai wa 'yan ci-rani labarin a Libiya. Mutanen ƙauye da suka ji farkon shirin ba su ji ƙarshensa ba suka ɗauro amalanke. An ce wani mutumin ƙauyen Mai Yara ya iso yana share hawaye, ya tsuguna zai yi gaisuwa, sai ga marigayi ya fito daga zaure riƙe da buta. Har yau takalmansa suna gidan, bai koma ɗauka ba.

Direkta ya dawo washegari. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Masu sono sun ba wani ranarmu, da ƙyar na maido su. Meri ya kira yana tambaya ko mahaukata muke ɗauka aiki. Mikro ɗinka yanzu yana hannun tsohon. In ya ce a bar ka, ka zauna. In ya ce a kore ka, ko hularka ba sai ka dawo ɗauka ba, zan aiko maka."

Na sayi goro na tafi ban haƙuri, na tsuguna nesa da buzu. Tsohon ya karɓi goron, ya zaɓi fari ya ɓare, ya tauna a nitse. Ya ce, "Babu komi. Mu gamu wurin wasa. Kai za ka gabatar, ko ba haka aka shirya ba?" Ya ci gaba da gyara tsirkiyar gurumi yana wani ɗan gunguni a hanci. Na san gungunin nan. Waƙa ce ake ɗinka mini.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗin tuwo ba. Matata, maimakon ta tausaya, in na ce zan fita sai ta ce, "Don Allah in ka wuce gidanmu kada ka leƙa, Baba yana ɗan mura." Tsofaffi in sun hango ni sai su miƙe zaune su ɗaga hannu, "Muna nan da rai, ɗan jarida, ka shaida!"

An ɗan jinkirta wasan har aka yi sadakar bakwai ta yayan. Ranar kuwa, tun da nake ban taɓa ganin filin gidan matasa ya cika haka ba. Bayan la'asar mutane har kan katanga, har kan bishiya. Kowa yana son ya ga mamaci yana waƙa. Meri a layin gaba, Direkta kusa da shi, surukina ma ya zo, shi da bai taɓa zuwa wurin kiɗa ba. Na gabatar da 'yan kalangu, na gabatar da 'yan wasan kwaikwayo, ba jan hanci ko kaɗan. Da aka zo kan babban baƙo na ce a taƙaice, "Ga Baba Nomau," na juya zan sulale bayan lasifika.

Ya fito cikin fararen kaya tun daga hula har takalmi, yana takawa a hankali. Fili ya kaure. Ya karɓi mikro ya ce, "Ina yaron nan? Zo nan, ɗana. Zo kusa, ba na cizo, matattu ba su da haƙora."

Na dawo na tsaya gefensa. Ya kama hannuna ya riƙe gam.

"Haka na riƙe ka rannan, ko? To ka san mutuwa tana sa mantuwa. Tuna mini, mi na ce maka?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri."

"A'a, wasiyya ba a wasa da ita. Ga meri, ga jama'a. Mi na ce?"

 Ashe ban ma buƙaci wahala ba, don duk filin sun ji shirin. Wani daga kan katanga ya ɗaga murya, "Kai kaɗai ka san duniya!" Sai fili duka ya amsa kamar an koya musu, "Kuma ka san gida!" Mata suka rangaɗa guɗa. Na hango surukina ya sauke rawani ya rufe fuska. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Sai ya saki hannuna ya ɗauki gurumi. Ba zan kawo muku waƙar duka ba, ina da sauran mutunci kaɗan da nake lallaɓawa. Ga dai inda yara suka fi riƙewa:

"Mai likkafani, ina kwana,
Ka auna ni ban kwanta ba.
Ya san Rasha, ya san Sin,
Bai san wa ya mutu bayan kasuwa ba."

'Yan amshi kuma suna ta maimaita, "Ka tambaya, yaro, ka tambaya." Ni ina tsaye riƙe da wayar mikro, don ba wanda ya ce in tafi. Abin takaicin, waƙar ta yi daɗi. Na kama ƙafata tana bin kiɗan.

Da ya gama ya juya wajen Direkta. Na san hukunci ne ya zo.

Ya ce, "Direkta, an ce aikin yaron ga shina hannuna. To ku bar shi. Tun ina saurayi nike wasa mutane, manomi da ɗan kokowa da mai kuɗi, ba wanda ya taɓa tsayawa ya wasa ni. Sai da yaron ga ya kashe ni na ji ana faɗin alherina, ina kwance ina shan fura. Har kuka ya yi. Ƙarya ce ya yi, amma kukan na gaske ne, na san kukan ƙarya, sana'ata ce. Sai dai sharaɗi guda: ya riƙe Rasha da Sin ɗinshi. Labarin mutuwa a ba Madam."

Haka aka yi. Na riƙe shirina, Madam Zuwaira ta riƙe sanarwar rasuwa, aka cire kiɗan nan daga inji gaba ɗaya. Sunana na yanka kuwa ya ɓace a Dakoro. Har takardar gayyatar biki Mai Likkafani ake rubuta mini.

Daga baya muka shaƙu da tsohon. Nakan je in zauna kusa da buzu in ba shi labarin duniya, ya saurara, ya ce, "Wanga ka tambaya, ko shi ma fatiha kawai ka shafa?"

Bana da damina Allah ya yi masa rasuwa, ta gaske. Da ni aka ɗauki makara, da hannuna na zuba ƙasa. Duk da haka, da muka dawo ƙofar gida muka zauna, na matsa kusa da Lawali na raɗa masa, "Don Allah kada ka ji haushi. Wa ya rasu?"

Ya dube ni da jajayen idanu, sai dariya ta kuɓuce masa a tsakiyar makoki, ya rufe baki da hannun riga. Ya ce, "Baba ne. Kuma ya bar maka saƙo, wannan karon na gaske, ina wurin. Ya ce kada a ba Madam. Ya ce a gaya wa Mai Likkafani yanzu yana iya faɗa."

Na shiga istidiyo na faɗa, ba kiɗa, ba ado, ba wasiyya. Na faɗi sunansa da na ubansa da unguwarsa, na ce da ni aka binne shi. Ban iya ƙarasa addu'ar ba.

Wayar farko da ta shigo daga Ɗan Gulbi ce, tsohuwar nan da ya yi wasa a bikinta. Ta ce, "Ɗan nan, mun ji. Amma ba za mu ɗaura amalanke ba tukuna. Ba mu Madam ta faɗa."

Na tashi na ba Madam kujera. Tun daga ranar, duk inda na ga tabarmi a ƙofar gida, kafin in tuɓe takalmi sai na tambayi wa ya rasu, ko da kuwa ni na yi masa wanka.